Jarrabawar Doya a Oke-Ayo

Ranar Lahadi za a yi wa tattaɓa-kunnen Rabaran Ibidapo baftisma, shi kuwa tun ranar da aka haifi yaron ya kafe cewa da hannunsa za a yi. Shi ya yi wa 'ya'yansa biyar, shi ya yi wa jikoki goma sha ɗaya. To amma hannun nan yanzu rawa yake yi, ko shayi sai rabin kofi ake zuba masa. 'Ya'yan sun yi ta kewaye-kewaye, an rasa mai fitowa fili ya ce masa ya haƙura. Uwar yaron ma, jikarsa Morolake, cewa ta yi duk abin da Baba ya ce shi za a yi. Wannan maganar ce ta tsaya masa a rai.

Ranar Alhamis da hantsi ya sa aka kai shi Oke-Ayo, tsohuwar kwalejin da ta horar da su aikin limancin cocin Angilikan. Shekara arba'in ke nan da rufe ta, aka kwashe ɗaliban aka haɗe su da wata a birni. Yanzu sakandaren 'yan mata ce. Ɗakin kwanansu ya zama matattarar karyayyun tebura, ajin da suka sha wuyar Girkanci kuwa kaji ake kiwo a ciki. Kaji fa! Abin ya yi masa ciwo ba kaɗan ba. Ƙaramin cocin kaɗai aka ƙyale, mabuɗinsa yana hannun Ajibulu, ɗan ajinsu da ya yi ritaya a garin. Komai na Ajibulu ya tsufa ban da bakinsa.

Yana hango doya a hammatar Ibidapo ya fashe da dariya har da tari. Ba sai an gaya masa ba.

A zamaninsu ba a barin ɗalibi ya taɓa jaririn mutane sai ya ci jarrabawar doya. Matar shugaban kwalejin, Mama Oyinade, takan naɗe ƙatuwar doya a zane, ta zana mata hanci da gawayi, ta miƙo maka a gaban kwanon dutse na baftisma. Ka kwantar da ita a hannun hagu, ka zuba ruwa da dama sau uku, kada ɗigo ya taɓa hancin. In ka kuskure, kai za ka dafa jaririnka ka daka shi a turmi, ajin duka su ci sakwara suna yi maka ta'aziyya. Sau huɗu Ajibulu yana daka nasa. Ibidapo ko sau ɗaya.

Suka shiga. Kwanon yana nan inda yake, har da ɓallin da ke bakinsa. Ajibulu ya ɗebo ruwa, ya naɗe doyar da tawul, ya zana mata hanci, ya ƙanƙance murya irin ta marigayiya Mama Oyinade, ya ja masa kunne cewa ɗan mutane ne wannan, ba buhun koko ba.

Ibidapo ya karɓa. Hannun ya soma halinsa, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari. Ya zuba na fari, ya zuba na biyu. A na uku rabin ruwan a hannun rigarsa ya ƙare, amma doya ba ta faɗi ba, hanci kuma bai jiƙe ba.

"Ka ci, tsoho," in ji Ajibulu. "Kullum kai ne mai hana mutane cin sakwara."

Ibidapo bai yi dariya ba. Gumi ya jiƙa masa wuya, yana kallon simintin da ke ƙarƙashin kwanon.

"Ajibulu, doya ba ta shure-shure," ya ce. "Uwar yaron nan tana jaririya, da ruwan baftisma ya taɓa ta, zabura ta yi kamar tarwaɗa. Da ƙarfina a lokacin, amma da kyar na tare ta."

Ajibulu ya matso kusa da shi. Ya sa hannu biyu ya karɓi doyar a hankali.

Sun daɗe a zaune a bencin baya, inda 'yan aji ɗaya kan zauna a da. Can Ibidapo ya miƙa masa waya ya ce ya latso masa Morolake, shi yatsunsa ba sa samun lambobin.

"Baba, lafiya?" ta tambaya.

"Lafiya lau, 'yar nan. Ki gaya wa fastonku ya shirya, shi zai yi. Ni a ajiye min kujera daf da kwanon, inda zan ga fuskar yaron."