Taku Takwas Zuwa Banɗaki

Ƙarfen dafawa biyu, shimfiɗar roba, ƙwan lantarki huɗu, sanda mai ƙafa uku, da takardar da asibiti ke ba masu tsofaffi a gida. Su ne a bayan mota lokacin da Yaya ya ɗauko ni daga filin jirgi.

"Sau biyu Inna ta faɗi," in ji shi. "In ba ta iya kai kanta banɗaki, gidana za ta koma. Na gyara mata ɗaki."

Shekarar Inna arba'in a gidanta. Na same ta da tabo a goshi. Ta dubi sandar, ta dube ni.

"Baturiya, wane gurgun kika kawo wa tsaraba?"

Takardar ta ce a kawar da duk abin tuntuɓe. Washegari tana barcin rana, muka kwashe tebur, tsohuwar kujera, da keken ɗinkin da ya shekara goma ba a taka shi ba, muka jibge a tsakar gida. Falo ya zama fili. Na yaba wa kaina.

Ta tashi, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, hannunta na laluben inda keken yake a da.

"Sata aka yi mana?"

"Gyara ne, Inna."

"Ai gara ɓarawo. Shi ba ya ɗaukar tebur."

Taku takwas ne zuwa banɗaki. Ko ɗaya ba ta yi ba.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. Ya fita ya matso da mota.

Na bi bayansa, sai idona ya kai kan kayan. Gefen keken, kusurwar tebur, bayan kujera, kowanne fentinsa ya goge daidai faɗin tafin hannu, yana sheƙi.

Na koma na tambaye ta, "Wai a ina kika faɗi?"

"Wajen shanya. Can babu abin kamawa. Wa ya tambaye ni?"

Na jawo kayan ɗaya bayan ɗaya, tana ba da umarni.

"Matso da shi. Ke, duk karatun nan ba ki san hagu ba?"

Ta dafa keke, ta dafa tebur, ta kama kujera. Yaya ya shigo ya tarar ta kai ƙofar banɗaki.

"Inna, wannan fa ba tsari ba ne."

Ta shiga ta rufo ƙofa. Daga ciki muka ji ta.

"Ɗakin da ka gyara, ka shiga ka kwanta. Ni ba inda za ni."