Numfashin Japhet a Cikin Kaset

Ina sussukar dawa a tsakar gida labarin ya same ni: zazzaɓi ya kashe ɗana Japhet a Legas. Shekarar 2006 ce. Sarewar ƙarfe yake busawa, wurin babansa ya koya, wanda ya yi badujalar soja.

Bayan wata uku abokinsa Mika ya sauka daga babur, ya miƙo mini kaset.

"Mama, kiɗan da muka ɗauka kafin ya kwanta ne. Mu sittin muka yi shi, wani tsoho ya rubuta shi sabo a takarda. Japhet yana ciki."

"A ina?"

"Ki saurara dai."

Na aika wa matan zumuntar cocinmu. Maƙwabciyata Saloma ta shigo da tulun kiɗa, sauran suka ɗaura ɗankwali a ƙugu, don a wurinmu in an ce kiɗa, rawa ake nufi. Mika ya sa kaset ɗin a rediyo, ya kunna. Masu goge suka fara ja a hankali, babu waƙa, babu inda ƙafa za ta kama. Ɗaya daga cikin matan, Magdalene, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta rasa inda za ta ajiye ta, ta ce:

"Maman Japhet, har yanzu gyaran kaya suke yi?"

"Batir ne," in ji Saloma da sautin ya yi ƙasa, ta kai wa rediyon mari. Nan take gangunan cikin kaset ɗin suka ɓarke gaba ɗaya, ta yi baya ta zauna a kwandon dawa. Na yi dariyar da rabona da ita tun kafin girbi. Amma a raina ina tsoro: mutum sittin, ta yaya zan gane nawa?

Can makaɗan duk suka tsaya. A cikin shirun nan na ji wani ya ja numfashi ta hanci, da ɗan fito siriri. Japhet ya taɓa faɗowa daga bishiyar mangwaro yana ɗan shekara bakwai, hancin bai koma daidai ba. Sannan sarewa ta tashi ita kaɗai.

"Ga shi nan," na ce.

Saloma ta kasa kunne. "Wallahi hancinsa ne." Muka mayar sau tara.

Yanzu kullum da safe nakan juya kaset ɗin da biro don kada batir ya ƙare, in kunna, in kama shara. In an zo wurin, sai in tsayar da tsintsiya har ya gama jan numfashi.