Ranar da Aka Kira Talatala Sifili

Vasemaca taubashiyata ce, 'yar kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta babu mai kai ni ƙara. Jami'a ce ta turo ta daga Suva, babban birnin ƙasarmu, ta dawo tsibirinmu, ta koya wa mutanen da ba ruwansu da kwamfuta yadda ake rubuta mata umarni. Darasin ɗaya ne, amma kwaleji-kwaleji take yawo da shi, kuma duk inda ta shiga sai ta sake masa riga. A makarantar jinya da gadajen marasa lafiya take misali. A kwalejin noma, kunyoyin gwaza. Masu koyon aikin otal kuwa da benaye ta kama su. Ko'ina an karɓa hannu bibbiyu. Saura mu, kwalejin horar da fastoci da ke kan tudu, inda nake karatu da furfurata.

Mu ne kuma muka zame mata ƙarfen ƙafa. Jami'a ta ce sai duk kwalejojin sun amince za a bar ta a tsibirin, in ba haka ba ta koma ofis a Suva. Ga tsohuwarta gwiwoyi sun kwantar da ita, kuma babu mai juya ta sai Vase. Ba ta taɓa ce mini tana tsoro ba, amma wanda kuka ci ƙasa tare ba ya ɓoye maka.

Shugabanmu, Talatala Nemani (talatala shi ne fasto a harshenmu), tsoho ne mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta ƙare. Ya ce shi bai ga abin da fasto zai yi da wannan ilimi ba, amma ya ba ta zango ɗaya, kuma zai zo da kansa ya gani.

Vase ta lallaɓa mu. Muka koyi sa kwamfuta ta raba mana ranakun wa'azi, ta kuma zaɓo waƙoƙin Lahadi ba tare da maimaici ba. Da aka zo darasin jera abubuwa, sai ta tambaye ni wane jeri ne duk muka haddace. Na ce mata ai ba ya wuce na shan yangona, abin shanmu na gargajiya da ake damawa da garin saiwa a sha a taro. Ko daga barci aka tashe mu mun san wanda ake miƙa wa ƙoƙon farko, da mai bi masa, har zuwa na bakin ƙofa. An sha yin gidajen da suka daina gaisawa saboda an tsallake wani da ƙoƙo. Ta ce shi ke nan, ta samu.

Ranar kuwa Talatala ya zo. Ya zauna a baya da zanensa da laktaye, yana fifita da maficin ganyen kwakwa. Kusa da shi mataimakinsa Sakiusa, wanda ke shan ƙoƙo na biyu. Vase ta shigar da sunayenmu bisa tsari, ta danna, jerin ya fito a bango ɓaro-ɓaro. Sakiusa lamba ɗaya. Sama da shi Talatala Nemani, lamba sifili.

Ashe ita kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Vase ta koyar da haka ko'ina ba wanda ya ɗaga gira. 'Yan otal da ma ba sa lissafa hawan ƙasa cikin benaye, gwaza kuwa ba shi da girman da za a taɓa. Sabo ya sa ta manta cewa wannan jerin na mutane ne masu ido.

Mafici ya tsaya. Sakiusa ya sunkuyar da kai, yana kokawa da fuskarsa kada a ga daɗin da ya ji. Ni kuma bakina da ba ya azumi, na raɗa mata, “Taubashiya, haɗa kayanki, jirgin Suva na jira.” Ko kallona ba ta yi ba, sai na ji kunyar kaina.

“'Yata,” in ji Talatala, “idona ne ya lalace, ko kuwa ni ne sifili?”

“Kai ne, Baba.”

Wani a gefena ya ambaci sunan Allah.

“Amma ba girma take aunawa ba,” in ji Vase. “Tambaya ɗaya take yi. Mutum nawa ne suka sha kafin kai?”

“Babu.”

“To abin da ta rubuta ke nan. Malam Sakiusa kuma mutum ɗaya ne ya riga shi.”

Daɗin Sakiusa ya ragu, kowa ya gani. Talatala ya daɗe yana duban bango, sa'annan ya tambaya ko ana iya gyara ta ta fara daga ɗaya kamar 'ya'yan mutane. Na yi ta ƙifta mata ido don ta ce e a wuce wurin. Ina, ba Vase ba. Ta ce tana iya sa ta nuna ɗaya a bango, amma can cikinta da sifili za ta ci gaba da ƙirga, ita kuwa abin da ke cikin ta zo koyarwa. Tsoho ya miƙe, ya gyara zanensa, ya fita.

Har ƙarshen zango bai sake tayar da maganar ba. Ɗalibai dai suka samu abin yi, kowa ka gani yana ƙirga mutanen da ke gabansa a layin abinci. Vase ta fara neman wadda za ta zauna da tsohuwarta. Ni ma na daina tsokanarta, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife mu.

Ranar rufe makaranta da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Ni ne mai dama yangona a gaban akushi. Talatala yana can sama, Vase tana bakin ƙofa cikin mata, ta naɗe ƙafa, idonta a ƙasa. Na tace, na cika ƙoƙon farko, mai miƙawa ya ɗauka ya je ya durƙusa gaban tsoho. Muka jira ya tafa ya karɓa kamar yadda al'ada take. Bai tafa ba. Sai ya nuna ƙofa da mafici.

“Kai wa malama. Yau ita ce sifili.” Ya dubi Vase. “Zango mai zuwa kuma a sa mini kujera a gaba, daga baya ba na ganin bango sosai.”

Ƙoƙon ya ratsa tsakiyar zauren, ya wuce Sakiusa, ya wuce manya duka. Vase ta tafa sau ɗaya, ta karɓa da hannu biyu, ta shanye, muka yi mata tafi uku. Hawaye ya zubo mata, ta ce wai damin da na yi ne ya yi kauri.

Na ce mata damin lafiyarsa ƙalau, bakin 'yan Suva ne ya lalace. Ta goge ido da gefen zane, ta ce in bari sai lambata ta zo in yi magana. Daga nan ta nemi izinin tashi da wuri, don tsohuwa tana gida tana jira a juya ta.