Muryar Abdurrazak a Tsakar Gida

Kwana uku hadari ya rufe Matameye, batiran gidan rediyo masu shan rana suka fara kuka. Sadiyya, mai kula da na'urar da ake ajiye shirye-shirye, tana gaban allo. Kusa da ita wata tsohuwa ce daga Kurni, Shekara, wadda ɗanta Abdurrazak ya rasu a Legas wurin ci-rani. Ta zo jin gaisuwar da ya aiko mata ta rediyo kafin ajali.

"Tana nan, Inna," in ji Sadiyya, "amma a tsakar gida."

"Ƙarfen nan har tsakar gida gare shi?"

"Da rumbu ma. Rumbun ne ya cika, aka zube gaisuwar ƴan ci-rani ta bana duka a waje. In wuta ta ɗauke, yana farkawa zai share wajen tas."

"To, kunna mini in ji."

"Awa arba'in ce a haɗe. Kafin in lalubo shi, wuta ta tafi. Sai dai in kwashe zuwa rumbu, kuma sai an fitar da wani abu daga cikinsa."

Rabin rumbun jawaban darakta ne, Alhaji Ɗanjuma, na shekara goma sha ɗaya. Sadiyya ta leƙa ta kira shi, ta nemi izinin rage jawaban.

"Tarihin gidan nan ne," ya ce. "Goge waƙoƙi."

"Waƙoƙin ake saurare, Alhaji."

"Ke, ni fa na ɗauke ki aiki."

"Shi nake yi."

Shekara ta gyara lulluɓi. "Alhaji, kai ga ka nan. Mai son jin ka sai ya zo. Nawa yana cikin ƙasar Legas."

Fanka ta tsaya. Alhaji ya juya yana kallon taga. Sadiyya ta goge jawabi ɗaya, mafi tsawo, ta fara kwashewa. Layin da ke allon yana jan jiki kamar jaki a rairayi. Da ƙyar ya kai ƙarshe, allon ya mutu.

"Wanne kika goge?" Alhaji ya tambaya.

"Na bara waccan. Wanda ka yi alkawarin ƙaro rumbu."

Ya yi gyaran murya, ya fita.

"Ya shiga?" in ji Shekara.

"Ya shiga, Inna. Ki koma gida, ran da rana ta fito ki dawo."

Tsohuwar ta cire takalmanta, ta shimfiɗa zane a bakin ƙofa, ta zauna tana fuskantar gabas.