Katako Uku a Ƙarƙashin Taya

Tun da ɓarin jikin maigidanta ya shanye, ita ke tuƙa akori-kurar. Motar ta girmi ƙaramar 'yarsu. Shekara talatin ya yi a bayan sitiyarinta kafin ya koma kujerar gefe, hannun hagu a yashe kan cinya kamar kayan da wani ya manta.

Talata da Alhamis take kai shi asibiti a gasa masa ƙafa. Tsakanin gidansu da kwalta akwai kwari, ruwa ya zaizaye shi har duwatsu sun fito. Sau biyu a watan nan motar ta ɗare kan dutse, tayoyi na juyawa a banza, har lokacinsu ya wuce. Ma'aikaciyar asibitin ta faɗa mata ba tare da ta ɗago kai ba: wanda ya yi fashi uku, a ba wani gurbinsa. Ta ce to. Ta daɗe ba ta jin komai a ranta, abin da ke gabanta kawai take yi.

Ranar Laraba ta kai motar gareji a ɗaga ta. Ƙanen mijin, wanda har ya yi furfura ana ce masa Auta, ya rufe kantinsa ya biyo su. Maigidan na zaune a mota, gilashi a sauke.

Bakaniken ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun dauɗa.

"Mama, mai sauƙin kuɗi shi ne mu cusa ƙarfe tsakanin sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, da mazauninsa, gaba da baya, ta tashi inci biyu. Akwai kuma sabon saiti, sifirin da duk tarkacensa, inci huɗu. Shi kam kuɗinsa ya kusa sayen motar."

"Matar Yaya, araha ba ta ado," in ji Auta. "A sa babban, ni zan cika. Kowa ya san motar da ta tashi sama ba ta tsoron kwari."

"Kowan nan ya taɓa leƙa ƙarƙashinta?"

"Ke dai da musu aka haife ki. Da ni kika aura da tuni na gyara ki."

"Da kai na aura da tuni ina ƙasa da ƙafa."

Ta faɗa ne don haka ake faɗa. Bakaniken ne kaɗai ya yi dariya.

Daga cikin motar wani sauti ya fito, mai nauyi, rabinsa a maƙale. Auta ya waiga.

"Ruwa yake so?"

"Cewa ya yi tukunya," in ji ta.

Bakaniken ya sosa ƙeya. Ya durƙusa bayan motar, ya nuna musu wani ƙarfe mai tumbi a tsakanin tayoyin baya. Gindinsa ya goge fes, duk inda dutse ya karta yana ƙyalli.

"Baba Direba ya kama ni. Wannan ce tukunyar, ita ke hawa dutse. Ko mota ta kai rufin nan, ita tana inda take, don a kan taya take zaune. Sai an sa taya mai girma take tashi. Ɗagawar don tayar ta samu wurin juyawa ce."

"To a haɗa duka," in ji Auta. "Babban saiti da babbar taya."

"Inci biyar ke nan," in ji bakaniken. "Ƙaramin da taya, uku."

Ta dubi ƙofar motar, ta dubi ƙasa. A jikin bango akwai faifayen katako da ake kwanciya a kai in za a shiga ƙarƙashin mota. Ta tambayi kaurinsu, aka ce inci guda kowanne.

"A jera su gaban tayoyin ɓangarensa."

Ta sauko da maigidan, ta jingina shi da wata ganga da sandarsa. Ta hau da motar kan katako uku, ta dawo ta tsaya a bayansa yadda take tsayawa kullum, kafaɗa a ƙugunsa. Ya kama marikin sama da hannun dama. Ya ɗaga lafiyayyar ƙafar, ta yi rawa a iska, ta sami bakin ƙofa. Ya ja, ta tura, ya zauna yana haki.

Aka sauko da shi, aka ƙara na huɗu. Ƙafar ta tashi, yatsun suka gogi ƙarfe suka zame. Ya sake. A karo na uku takalmin ya cire ya faɗi cikin baƙin mai. Ta sunkuya ta ɗauko, ta goge da bakin zanenta, ta mayar masa.

"Sai a ɗauke shi mana," Auta ya ce a hankali. "Ko a sa masa akwati ya taka."

"Akwati ya taɓa kifewa da shi. Ɗauka kuwa, ran Talata kana kanti." Ta ɗaure igiyar takalmin. "Hawan motar nan ne kaɗai abin da ya rage yana yi da kansa."

Auta ya juya yana kallon titi.

"Ƙaramin," ta ce wa bakaniken. "Da manyan tayoyi na hannu, in kana da masu sauran rai."

Kafin la'asar aka gama.

Ranar Alhamis an kwana ana ruwa. Da suka iso bakin kwarin ta taka burki. Maigidan ya ɗaga hannun dama ya nuna hagu, ya sake nunawa, sai ta bi. Motar ta gangara tana layi. A tsakiya tukunyar ta karci dutse, ƙarar ta taso har tafin ƙafarta, sannan ta saki. Tayoyin gaba suka kama tudu.

A asibiti ma'aikaciyar ta sa alamar zuwa gaban sunansa, ba ta ɗago kai ba. Aka tura shi ciki. Ita ta zauna a benci, hannu a cinya. Can ta lura da baƙin man jiya a bakin zanenta. Ta murza shi da yatsa, bai fita ba, ta bar shi.