Ƙoƙo a Wuyan Ɗan Bilbis

A shekarar 1998 iyalin Mas'udu direba suna zaune a wani gidan haya a Gusau. Shi yana jigilar fasinja tsakanin Gusau da Tsafe, matarsa Ma'u tana ɗinkin hula, mahaifiyarsa Inna Jummai tana kwana ɗaki guda da jikarta Hussaina, yarinya 'yar shekara tara. Abinci bai yanke musu ba, sutura ma haka. Abin da suka rasa shi ne tsakar gida. A Bilbis, inda suka baro, akwai awaki da tumaki da kaji, amma a nan ɗaki biyu ne da baranda, kuma mai gidan ya hana ɗaure dabba. Ita Hussaina ta rasa wani abu a kan wannan: 'yar'uwarta ta tagwaye Hasana tana Bungudu, gwaggonsu ta ɗauke ta riƙo.

Saboda haka ne ranar da Mas'udu ya shigo da ɗan zomo fari mai baƙin kunne a cikin kwali, babu wanda ya yi gardama. Aka ware masa kusurwar ɗakin Inna, aka zuba yashi, aka sa masa suna Ɗan Bilbis. Kullum Hussaina ta taso daga makaranta sai ta tsinko masa ciyawar harkiya a bakin hanya, Mas'udu kuma yakan taho masa da harawa daga Tsafe. Wata uku ya yi lafiya lau. Kashinsa ƙanana ne busassu kamar na akuya, tsintsiya ɗaya take kwashe su.

Wata safiya bayan sallar Asuba, Hussaina ta ga zomon ya lanƙwasa kai tsakanin ƙafafunsa na baya, ya ɗago yana tauna. Ta matsa ta duba da kyau. Abin da ke bakinsa baƙi ne, mai laushi, a dunƙule kamar daddawa, kuma daga jikinsa ya fito. Ta daskare a wurin.

"Inna," ta ce a hankali, "kashinsa yake ci."

Inna ta ajiye carbi ta leƙo. Zomon ya sake yi a gaban idonta.

"Shekarata sittin da kiwo, ban taɓa ganin wanga abu ba," in ji Inna. "Dabbar da ke cin ƙazanta ba ta kwana inda nike salla. Ko ya bari, ko ya koma inda ya fito."

Ma'u da ta ji labari ta ce daga baranda, "Hussaina, ashe angon naki ƙazami ne."

Hussaina ba ta yi dariya ba. Da Inna ta ga idonta ya kawo ruwa, sai ta sassauta. Ta ce yunwa ce, ciyawa ba ta riƙe ciki, a yi masa irin kiwon ragon layya ya ƙoshi. Daga ranar aka daina tsinko harkiya. Aka koma ba shi tuwon dawa da kanzo da dusa, har da guntun fura. Da suka ga bai daina ba, Inna ta tuna takunkumin da ake sa wa maraƙi don kada ya sha nono. Ta ɗauko wani ƙaramin ƙoƙo, ta fafe gindinsa da wuƙa, Hussaina ta naɗe bakin da tsumma don kada ya ji masa ciwo, suka zura masa a wuya. Yana iya cin abin da ke gabansa, amma bakinsa ba ya kaiwa baya.

Kwanakin farko ya ci tuwon da marmari. Sai kashinsa ya soma ƙanƙancewa, ya koma kamar ƙwayar dawa, ya kuma ragu.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Ɗaki ya yi tsabta."

A rana ta tara Hussaina ta ɗauki tsintsiya ba ta sami abin sharewa ba. Tuwon jiya yana nan ba a taɓa ba. Ta sami zomon ƙarƙashin gado ya takure, kunnuwansa sun yi sanyi, yana goga haƙora a hankali. Da ta taɓa cikinsa ta ji shi a ɗaure kamar fatar ganga.

Mas'udu ya duba shi kafin ya fita.

"Wanga ba ya kai gobe," ya ce. "In na dawo da la'asar bai tashi ba, sai in yanka shi kafin ya zama mushe."

"Baba, Ɗan Bilbis ne fa."

"Na sani, ɗiyata. Ni na kawo shi."

Ranar Hussaina ba ta je makaranta ba. Inna ta yafa mayafi, suka sa zomon a kwando, suka nufi ƙarshen layi wurin Malam Shu'aibu, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya. Suka tarar da shi a zaure yana gyara rediyo. Bayan gaisuwa ya buɗe kwandon, ya cire tabarau, ya sake mayarwa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni na fafe ƙoƙon," in ji Inna. "Ita ta naɗa tsumma."

"Don mi, Inna?"

Hussaina ce ta ba da labari, tun daga safiyar farko har zuwa tuwo da fura. Malam Shu'aibu bai katse ta ba. Yana sauraro yana karya ƙoƙon da filaya kaɗan-kaɗan har ya rabu gida biyu. A ƙarƙashinsa gashin wuyan ya goge.

"Inna, kin yi kiwon awaki," ya ce. "In akuya ta kwanta da rana tana tauna ba komai gabanta, mi take yi?"

"Tuƙa."

"In aka ɗaure mata baki aka hana ta fa?"

"Ai ta lalace."

"To abin da kuka gani tuƙar zomo ce. Kashinsa iri biyu ne. Busasshen da ake sharewa shi ne kashi. Mai laushin nan abinci ne da bai gama amfani ba, sai ya sake bi ta ciki karo na biyu. Na akuya yana dawowa ta maƙogwaro, nasa yana bin doguwar hanya. Kowane zomo a duniya yana yi, yawanci kafin mutane su tashi."

Inna ta riƙe haɓa. "Kowane zomo?"

"Har wanda kika ci a Bilbis."

Ta yi salati a ƙasa-ƙasa.

"Amma ba ƙoƙon kaɗai ya kwantar da shi ba," ya ci gaba. "Hanjin zomo sai da ciyawa yake motsi. Tuwo da fura suna shiga su tsaya, iska ta taru, shi kuma ba ya amai. Ɗakin da kika ga ya yi tsabta, cikinsa ne ya tsaya."

Ya ɗauko sirinji marar allura, ya nuna wa Hussaina yadda za ta ɗiga masa ruwa mai ɗumi ta gefen baki, kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Ya ɗora yatsunta a kan cikin zomon ya koya mata murzawa a hankali. Ya ce a lulluɓe shi ya ji ɗumi, a riƙa sauke shi ya taka, a ajiye harkiya da harawa a gabansa, kada a sake nuna masa tuwo.

"In ya yi kashi kafin gobe, akwai sa rai. Ban yi muku alkawari ba."

Da la'asar Mas'udu ya dawo, ya wuce ya ɗauko wuƙa. Ya tarar da Inna zaune a bakin ƙofar ɗakinta.

"Mai da wuƙarka," ta ce. "Ka koma tasha ka samo harawa."

"Inna, ke kika ce ya bar gidan."

"Na ce. Yanzu kuma na ce harawa."

Kafin magariba zomon ya ja ganyen harkiya ɗaya ya tauna, ya bar sauran. Hussaina ta ci gaba da ɗiga ruwa da murza ciki har hannunta ya gaji, Inna ta karɓa.

Da safe Inna ce ta fara gani. A kan yashi akwai kashi guda uku, ƙanana, masu tauri, ba su da kyan siffa. Ta hana a share. Ta kira Mas'udu da Ma'u, dukansu suka tsuguna suna kallo.

"Yau ga Inna tana gadin kashi," in ji Ma'u.

"Ke dai tashi ki ɗora koko."

Bayan mako guda cikin zomon ya saki, tsintsiya ta koma aikinta. Wata safiya ya sake lanƙwasa kai tsakanin ƙafafunsa. Inna ta gani, ta kau da fuska, ta ja buzunta zuwa ɗaya gefen ɗakin ta shimfiɗa. Ba ta sake maganar ya bar gidan ba.

Hussaina kuwa ta tsaya ta kalle shi har ya gama. Ta gane cewa zomon bai yi laifi ba tun farko, abincinsa yake ci yadda aka halicce shi, kuma ita da Inna ne suka kusa kashe shi da tuwo da ƙoƙo.