Ranar da Aka Gyara Layinmu

Babana mai gyaran agogo ne, kuma tun kafin a haife ni yake waƙa, amma bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. In ka miƙa masa biro sai ya dube ka kamar ka zage shi. Shi kowace waƙa a jikin wani abu yake ajiye ta, nan cikin layinmu. In yana son ta sai ya taka ya je gaban abin, ya zuba masa ido, baitocin su zo da kansu. A ɗaki kuwa ko za ka wuni kana roƙonsa, ba abin da zai fito.

Layin namu kuma, tsakani da Allah, ba abin nuna wa baƙo ba ne. Benen da muke haya ya tsage daga sama har ƙasa, wani ɗan ɓaure ya tsiro a cikin tsagar. Ga wata matacciyar mota da tayoyinta suka nutse a ƙasa, kyanwa na haihuwa a kujerar baya. Ga bututun ruwa da ya fashe a bakin kwalbati, tsuntsaye sun mai da wurin gidan wanka. Ni kunya suke ba ni. Shi kuwa sai ya tsaya gaban ɓauren nan ya ce:

"Bango ya gaji, yana neman kwanciya,
kai kuma ka ce nan za ka yi gida."

Iyakar abin da na riƙe ke nan daga waccan waƙar, ga ta da tsawo.

Sai hawan jini ya kayar da shi a shago. Mun daɗe a asibiti. Likitar ta ja ni gefe ta ce ƙwaƙwalwar ta taɓu, abubuwa za su riƙa zube masa a hankali, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba. Ashe shi ma ya ji a jikinsa. Wata safiya ina ba shi shayi ya kama hannuna.

"Uwata," ya ce, sunan da yake kirana ke nan, "in an sallame mu ki riƙe wayarki. Mu bi layi daga farko har ƙarshe, ki ɗauki waƙoƙin nan duka."

Mutumin da ko rediyo bai yarda ya yi wa waƙa ba! Don murna na kira Tela, maƙwabcinmu kuma amininsa, na ce Baba na nan dawowa, za mu ɗauke shi a bidiyo yana waƙa a layi. Tela kuwa bakinsa ba ya ajiya. Kafin rana ta faɗi kowa ya ji, suka taru suka yanke shawara cewa ba za su bari duniya ta ga Baba a cikin wannan ƙazanta ba.

Da tasi ta sauke mu, wallahi na ɗauka direba ya ɓata hanya. An shafe benen da siminti, an yi masa fenti ruwan ƙwai. An janye motar, an share gurbinta tas. An ɗaure bututun, bakin kwalbatin ya bushe ƙayau. Maƙwabta sun jeru cikin kayan fita, wata da muke kira Mai Wanki har da turare, Tela a gaba yana washe baki, fenti bai gama fita daga farcensa ba.

"Malam, ka ga layinka!" in ji shi. "Wannan ɗan iskan itacen sai da muka sa tsani. Saiwarsa ta shige bango kamar me."

Na buɗe baki zan yi masa wankin babban bargo, Baba ya matse min hannu. Ya ce in kunna wayar.

Muka taka a hankali, yana jan ƙafar hagu, jama'a na biye da mu. Ya tsaya inda motar take a da. Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya wuce. A bakin kwalbati leɓensa ya motsa, na matso da wayar har tana taɓa gemunsa, numfashi kawai na ji. Da muka iso bangon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa simintin, sama da ƙasa, kamar mai laluben makunnin fitila.

"Bango ya gaji, Baba," na raɗa masa. "Yana neman kwanciya."

Ya juyo ya dube ni.

"Da daɗi," ya ce. "Wa ya yi ta?"

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Zuciyata ta karye, kuma na rasa wanda zan tsana, don Mai Wanki ma kuka take, ita a zatonta daɗin gyaran ne ya hana shi magana. Wani daga baya ya fara tafi, sauran suka ɗauka.

Baba ya jira suka gama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, yana sa albarka, ya ce wa Tela fentin ya yi kyau. Sannan ya jingina da kafaɗata, nauyinsa duka a kaina.

"Kashe wayar nan, Uwata," ya ce a hankali. "Kai ni ciki. Ki dawo ki yi musu godiya da kyau, sun sha wahala."